Tambayoyi da amsoshi kan gyaran ƙotar tsohuwar bindiga, daga bakin kafinta a Bauchi

Ni kafinta ne a cikin garin Bauchi, kujeru da ƙofofi da gadaje su ne abincina. Amma tun ina ƙarami na taso na ga mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana gyara ƙotar bindiga wa maharba da kuma 'yan bindigan nan da ke harbin albarushi ranar hawan sallah, a wajensa na ɗauki hannu, sauran kuma shekaru da ɓarnar itace suka koya min. Tambayoyin nan kusan kullum su ake min, wani a shago wani a waya wani ma a bakin masallaci, shi yasa nace bari in tara su wuri ɗaya.

Malam, wato dai kana gyaran bindiga kenan?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da nake so kowa ya fara riƙewa. Itace nake gyarawa. Ƙarfen bindiga, kunamarta, bututunta, duk ba ruwana da su, kuma ba a shigo min da su shago. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku, akwai na yaƙi da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu an ambaci bindigar soja mai harsashi .303 ƙarara, sai irin su bindigar harbin tsuntsu da lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki irin bindigar toka, waɗannan Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da magana a kansu. Hatta gyaran bindiga dokar ta ce sai da izini. To kaga duk wanda zai kawo min aiki, ko dai abin tarihi ne na hukuma ko na fada da aka san da zamansa, ko kuma mai takarda ne, kuma itacen kaɗai zai zo da shi bayan wanda ke da hurumin kwancewa ya kwance. Wanda ya tsinci tsohuwar bindigar soja a ɗakin kakansa ba wajena zai fara zuwa ba, ofishin 'yan sanda zai je ya sanar. Halin da ƙasar nan take ciki kowa ya sani, ba abin wasa bane wlh.

Wani abu kuma, bindigar toka tana iya shekara hamsin da ɗuri a cikinta ba wanda ya sani, albarushi in bai jiƙe ba baya mutuwa. Kar yaro ya taɓa, kar a kai kusa da wuta, sai wanda ya san aikin ya duba.

Su waɗannan tsofaffin bindigogin sojan daga ina suka shigo ƙasar nan?

Yawanci ta hannun Turawan Ingila. Lugga, wato Baturen nan Lugard, ya haɗa rundunarsa ta Afirka ta Yamma a 1897, su ne suka shigo Bauchi a 1902, su ne kuma suka yi yaƙin Bormi can wajen Bajoga ranar 27 ga Yuli 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. A wancan zamanin irin su Martini-Henry, mai cin harsashi ɗaya ɗaya wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871, sun bazu a Afirka sosai. Daga baya Lee-Enfield mai cin harsashi 10 ta karɓi fili, akwai samfurin 1907 da aka yi yaƙin duniya na ɗaya da ita, sai samfurin lamba 4 da aka amince da ita a 1941, wadda tsofaffinmu ke ce wa maka fo. Irin waɗannan mazan jiya suka riƙe lokacin da runduna ta 81 da ta 82 suka tafi yaƙin Bama, kuma 'yan sandan ƙasar nan sun daɗe suna rataye da maka fo bayan samun 'yancin kai. Shi yasa in an ce tsohuwar bindigar soja a nan wajenmu, galibi dangin Lee-Enfield ake nufi.

Da wane irin itace aka yi ƙotar?

Na farko farko da walnot ake yi, itace ne mai duhu kamar ƙasa-ƙasa, baya da nauyi sosai kuma baya saurin tsagewa. Da yaƙi ya yi zafi walnot ya yi ƙaranci sai suka koma wasu fararen itatuwa irin su biich, wanda zaka gane shi da wasu ƙananan ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar an yayyafa riɗi. Na Ostireliya da na Indiya kuma da itatuwan ƙasarsu suka yi. Sanin itacen yana da amfani saboda walnot yana shan mai ya yi kyau da kansa, farin kuma yana sha a hargitse, nan duhu can haske.

Oga ni dai so nake ka goge min shi da sanfefa ya koma sabo fil, nawa zaka yi min?

Nan ne muke yawan saɓawa da mutane. Ɗan'uwa, itacen da ya shekara tamanin ko ɗari, darajarsa tana kan fatarsa ne, a wannan sama-saman da bai kai kaurin farce ba. A nan hatiman masana'anta suke, da alamar nan mai kama da ƙafar kaza wato kibiya mai layi uku da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayanta, da lambobin masu duba aiki, a saman gindin ƙotar ma zaka iya ganin harafin S ko L ko B, alamar gajere ne ko dogo ko ɗan ƙarami can, saboda sojoji ba tsayinsu ɗaya ba. Wasu na samfurin 1907 har da wani ɗan faifan tagulla a gefen gindi inda ake buga sunan runduna. Sanfefa mai kaushi cikin minti biyar zata cinye duk wannan, kuma ba mai iya dawo da shi har abada.

Ni kaina na taɓa yi. Ina saurayi, mahaifina ya yi tafiya Azare, aka kawo wata ƙota duk ta yi baƙi, na ɗauki sanfefa mai lamba 80 na bi ta tas har ta yi fari, na shafa banish tana ƙyalli. Da ya dawo bai min faɗa ba, ya juya ta a hannunsa ya nuna min inda wani hatimi yake saura inuwarsa kawai, yace wannan rubutun wani ya buga shi tun kafin a haife ni, kai kuma ka share shi da hantsi ɗaya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Banda tarihi ma akwai maganar aiki. An sassaƙa ƙota ne ta ɗan fi ƙarfen da ke jikinta tudu kaɗan, in ka goge sai ƙarfen ya fito sama da itace, murfin gindi ya yi baki yana kama riga, zobban da ke riƙe gaba su yi sako-sako. Duk wanda ya san kaya da kallo ɗaya zai gane an cinye ta. Garin neman gira an rasa ido kenan. In dole sai an sa sanfefa, to a kan wurin da aka yi faci kawai, lamba 320 ko 400, a naɗe ta a kan ɗan katako, a bi yadda jijiyar itacen ta kwanta, kuma a rufe hatimai da salatif.

To in ba sanfefa, da me zan cire dattin?

Fara da abu mafi sauƙi. Tsumma mai laushi da ɗan tafentain, ko farin sifirit na masu fenti, ka dinga shafawa a hankali kana juya tsumman, zaka ga baƙi yana fita kamar ba zai ƙare ba. Lungu-lungu kuma tsohon buroshin haƙori. In dattin ya yi kanta, ka haɗa tafentain da man linsid, man shafa wa itace da ake samu a shagon masu fenti, rabi da rabi ka sa soson ƙarfe mai laushin nan mai sifiri huɗu, 0000, ba na wanke tukunya ba don Allah, wancan karce zai yi. Ruwa da sabulu ana iya sa kaɗan a tsumma a share nan take, amma jiƙa ƙota a baho ko sa mata omo da ruwan zafi ko soda, wannan yana kumbura itace, ya ɗaga hatimai, ya bar shi fari fat kamar ƙashi, wani lokacin ma ya murɗe. Fetur kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan, ga haɗarin wuta ga wari da baya fita.

Kawu, namu wajen da yake haɗuwa da ƙarfe ya yi baƙi ƙirin kuma ya yi laushi, farce ma yana shiga. Meye wannan?

Man bindiga ne ya jiƙa shi, ko ma baƙin man inji, don mutanenmu da shi suke shafe komai. Shekara da shekaru ana zuba mai a ƙarfe ana jingine bindiga a tsaye, man yana gangarowa cikin itace, sai ya raunana jijiyar. Kuma gam baya kama itacen da ya sha mai, saboda haka kafin a yi maganar ɗinke tsaga sai an fitar da shi.

Mu a nan Allah ya bamu rana kyauta. Ka naɗe wurin da takardar tishu ko tsumma fari, ka sa a baƙar leda, ka ajiye a rana kamar awa ɗaya, ka buɗe ka share man da ya tsattsafo, ka sake. Amma ka tsaya a kai, ranar watan Maris da Afrilu ta Bauchi da take haura digiri 40 in ka manta da shi tun safe har la'asar sabuwar tsaga zaka tarar. Hanya ta biyu ita na fi so, a daka farin alli ya yi laushi, a kwaɓa da asiton ko sifirit kamar kunu mai kauri, a shafe wurin, ruwan zai shiga ya narkar da man, allin ya tsotse, in ya bushe zaka ga ya koma ruwan ƙasa sai a kakkaɓe a sake sabo. Wata ƙotar sau uku ta isa, wata sai ka yi sau goma sha. Ana yi a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan taba. Kuma kar ka ce sai ya koma fari, in itacen ya yi tauri ya daina fitar da mai to ya isa, ɗan duhun da ya rage shekarunsa ne.

Wuraren da suka loɓa fa?

Dutsen guga da jiƙaƙƙen tsumma. Ka ɗiga ruwa a loɓar, ka ɗora tsumman auduga mai danshi ninki biyu, ka danna hancin dutsen na ɗan lokaci, tururin zai kumbura jijiyar ta taso. Na gawayi ma yana yi. Amma in jijiyar ta yanke ne, kamar saran wuƙa, ba zata taso ba. Kar ka kai tururi kusa da hatimi don shi ma loɓa ce, tashi zai yi ya ɓace. Ni dai manya nake tayarwa in bar ƙanana.

Ya tsage ta tsawo. Top Bond zan sa ko sufa gulu?

Top Bond gam ne mai kyau a sabon katako mai tsabta, da shi nake kujeru, amma a tsohon itacen da ya taɓa shan mai baya riƙewa kuma baya cike gurbi. Sufa gulu yana da amfani a tsaga siririya kamar gashi saboda yana bin ciki da kansa, sai dai yana da gautsi, bugu ɗaya ya saki. Ebostik na masu takalmi kam a bar shi wa takalmi. Abin da ya dace shi ne efoksi mai haɗi biyu, kuma mai jinkirin bushewa irin Araldite da ke kwana kafin ya kama, ba fo minit ɗin da ake sayarwa a bakin titi ba, wancan kafin ya shiga cikin tsagar ya daskare.

Ga yadda nake yi. In wanke cikin tsagar da asiton ta sirinji sau da yawa har ruwan ya dinga fita fari, in bari ya bushe kwana ɗaya. In shafa kakin zuma ko in liƙa salatif a gefe da gefe don kar gam ya ɓata fatar. Sai in ɗan buɗa tsagar da tsinken sakace, a hankali fa, in ɗumama itacen a rana kaɗan saboda efoksi in ya ji ɗumi yana tsinkewa ya gangara ciki, in tura shi da siririn zare ko gashin kaza ina buɗawa ina rufewa har in ga ya fito ta ɗaya gefen. Wajen ɗaurewa kuma ba abin da ya kai robar tif ɗin keke da aka yanka dogo-dogo, tana bin zagayen ƙota ta matse ko'ina daidai, kilam na ƙarfe kuwa shaida yake bari. Ka share wanda ya tsattsafo tun yana ɗanye, ka bar shi awa 24, ni har kwana biyu nake bari.

In tsagar doguwa ce ko a wurin da ke ɗaukar ƙarfi take, sai an ƙara turaku. A huda ta ciki inda ido baya gani, a ratsa tsagar, a sa siririyar sandar tagulla mai zare ko turken itace mai tauri da efoksi. Su kansu masu gyaran makamai na sojan Ingila haka suke yi, zaka ga ɗigon tagulla a jikin tsofaffin ƙotoci, na Indiya ma har wani noti suke ratsawa a itacen gaba. In ka tarar da irin wannan tsohon gyaran kar ka cire shi, shi ma tarihi ne. Ƙusa dai kar a buga, tana tsaga itace kuma tsatsarta tana baƙanta shi.

Ta karye a wuya, wajen da ake riƙewa. In ka ɗinke za a iya harbi da ita?

In ta ajiya ce ko ta nuni, zan ɗinke ta yi kyau. In kuma ta maharbi ce mai lasisi da zai ci gaba da aiki da ita, gaskiya nake faɗa masa, wuya shi ne inda duk dukan baya ke bi kuma fuskarka tana daidai wurin. A sassaƙa sabuwa a yi aiki da ita, a adana tsohuwar. Kuma hukuncin ko bindiga tana harbuwa ba na kafinta bane.

Wani guntu ya ɓalle ya ɓata, da me za a cike?

Ƙaramin rami, efoksi da garin itace mai launi ɗaya, amma ka sani haɗin yana fin itacen duhu in ya bushe, don haka ka gwada a gefe tukun. Babban gurbi kuma itace ake sawa ba kwaɓi ba, fotin masu gyaran mota da wasu ke cusawa yana faɗowa da hunturu ɗaya. Ana gyara bakin gurbin da cizal ya miƙe, a yanka faci mai faɗin ciki kamar wutsiyar kurciya yadda ba zai zame ba, a tabbatar jijiyarsa ta kwanta yadda ta ƙotar ta kwanta, a manna, a bar shi ya ɗan fi tudu sannan a rage da magagari.

Walnot ba a samunsa a kasuwarmu, to maɗaci shi ne ya fi kusa da shi a nauyi da yanayin ido, sai dai ya fi ja kaɗan. Ni na fi son in samu ƙafar tsohuwar kujera ko tsohon gado na maɗaci da ya shekara talatin a ɗaki, don ya gama bushewa ya gama motsinsa. Ɗanyen katako daga kasuwar Muda Lawal in ka sa yau, watan Janairu zai ja jiki ya bar maka layi. Ƙirya da kanya sun yi tauri da nauyi, a turaku suke da kyau ba a faci ba. Malaina kuma ta yi laushi, amma a farar ƙota wajen da baya ɗaukar ƙarfi ana lallaɓawa.

Gara ta taɓa shi, ga kuma wasu ƙananan huji suna zubo da gari

Garin nan alama ce ƙwaron yana ciki da rai. Ka sa ƙotar a leda ka ɗaure sosai ka sa a firiza mai ƙanƙara ta gaske sati ɗaya zuwa biyu, in ba a ɗauke wuta ba kenan, ka fito da ita ka barta cikin ledar ta huce a hankali. In ba hali, maganin ƙwarin katako ta sirinji huji bayan huji. Inda gara ta ci ya zama kamar soso ana ɗura efoksi mai ruwa ya ƙarfafa. Amma in ka matsa da yatsa ya burma, wannan sai dai a tsayar da ɓarnar a ajiye.

Wane mai ake shafawa? Wani yace min man gyaɗa ma yana yi

Baya yi. Man gyaɗa, manja, man kaɗanya, man zaitun, basilin, baƙin mai, duk basa bushewa, zama suke a ciki su yi ɗoyi su kama ƙura su jawo kyankyaso. Man linsid shi ne asalin abin da aka sa wa Lee-Enfield tun daga masana'anta, tsoma ƙotocin ake a tankin mai mai ɗumi, shi kuma soja ana bashi yana shafawa da hannu. Daga irin wata shuka ake matso shi, kuma bambancinsa da sauran shi ne in ya haɗu da iska yana daskarewa a cikin itacen. Wannan jan duhun mai kyau da kake gani a tsofaffi, linsid ne da shekaru suka dafa.

Iri biyu ne a shagon masu fenti, ɗanye da wanda ake ce wa dafaffe. Ɗanyen shi ne na asali amma yana iya sati bai bushe ba, dafaffen an sa masa sinadarin busarwa, kwana ɗaya ko biyu ya kama. Saboda sinadarin nan kar a shafa shi a akushi ko muciya ko ludayi. Dafaffen ka ɗiga a gilashi ka ajiye kwana uku kafin ka yarda da shi, in bai yi fata ba to an surka.

Yaya ake shafawar?

Shafin farko ka surka da tafentain rabi da rabi don ya shiga ciki. Ka shafa, ka bari minti 20 zuwa 30, sannan ka goge duk wanda ya rage a sama har sai ka ji kamar babu komai. Mutane a nan suke faɗuwa, suna ganin yawan mai shi ne kyau, sai ya kwana ya zama danƙo mai kama hannu. Daga shafi na biyu ɗigo kaɗan a tafin hannu ya isa, ka murza har wurin ya yi ɗumi, ka goge, ka rataye kwana ɗaya ko biyu. Sau biyar zuwa takwas yawanci ya wadatar, in itacen ya daina sha to ya ƙoshi. Kar ka manta da kan itacen na gindi da ciki inda ƙarfe ke kwanciya, shafi ɗaya mara yawa, don ta nan danshi ke shiga. A ƙarshe ina haɗa kakin zuma da linsid da tafentain kashi ɗaya ɗaya in murza sama-sama, yana bada sheƙi mai sanyi ba irin na banish ba.

Don girman Allah a kula da tsumman. Tsumman da ya sha linsid in aka dunƙule shi aka jefa a kwali yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta, ba ashana ba komai. Ya taɓa faruwa a shagona, yaro ya tura su cikin buhun garin katako muka tafi sallar azahar, muka dawo hayaƙi na tashi, Allah ne ya tsare. A shanya su a buɗe a ƙasa a waje har su bushe, ko a tsoma a bokitin ruwa.

An riga an shafa masa banish ko fenti, ya zan yi?

Gwada sifirit a wani lungu, in ya narke to shalak ne, wani irin banish, da tsumma zai fita. Amma ka tsaya, bindigogin Rasha irin Mosin-Nagant da shalak ɗinsu mai ja suka zo, wannan nasu ne ba a cirewa. In tina ce ta narkar da shi to lacquer ce, ita ma wani irin banish. In duk sun ƙi, maganin cire fenti, a kankare da tsohon katin roba ba da reza ko fasasshen kwalba ba, da safar hannu.

Facin ya fi sauran haske

Rini mai sifirit, a kan facin kaɗai, da ƙaramin buroshi, kaɗan kaɗan, kafin a sa mai. Ka jiƙa wurin da tafentain ka ga launin da zai bayar in ya sha mai. Man takalmi kuma a'a, yana hana linsid shiga. In an ɗan gane facin daga kusa ba laifi bane, ni bana son gyaran da zai yaudari mai saye ko mai nazari.

Wajen kwance ƙotar akwai abin da za a kiyaye?

Akwai, kuma ina faɗa wa masu kwancewa saboda ni ake kawo wa ɓarnar. A samfurin 1907 dogon notin da ke riƙe gindi bakinsa mai kusurwa huɗu ne kuma yana zaune cikin wani ƙarfe a bayan itacen gaba, in aka juya shi kafin a cire itacen gaban sai ya tsaga shi. Gaba ake fara cirewa. Kuma ba a ɓamɓaro itacen gaba ta hanci, ta baya ake bubbuga shi ya sauka a miƙe.

Murfin tagullan gindi in goge shi ya yi ƙyalli?

Share shi kawai da tsumma, ka cire koren da ya taru a baki. Ka buɗe ɗan ƙyauren da ke jikinsa ka leƙa, ramin ajiye kwalbar mai ne da igiyar share bututu, wani lokacin ana samunsu a ciki har yanzu.

Baba, bayan an gama a ina ya kamata a ajiye, kuma kwana nawa aikin ke ci?

Abin da ke kashe itace a ƙasar Bauchi da Gombe shi ne wannan kai da komo, damina ya sha danshi ya kumbura, hunturu ya shigo daga Nuwamba iska ta bushe ƙayau ya ja jiki, ƙarfe kuma baya bin sa, sai tsaga. Don haka shafi ɗaya na linsid a ƙarshen Oktoba kafin iskar ta sauko, wani kuma kafin ruwa ya zauna. Kar a jingina a bangon ƙasa ko a ajiye a daɓe saboda gara, kar a rataye dab da rufin kwano, kar a naɗe cikin leda ko buhu a manta. A ɗora a kan maratayi biyu a kwance, a ɗakin da rana bata dukansa, ƙarƙashin makulli inda yara basa kaiwa.

Kwanaki kuma, wankewa da mai kaɗai sati biyu zuwa uku, in akwai cire baƙin mai da ɗinki da faci to wata ɗaya har da rabi, da damina ma ya fi haka don mai baya son bushewa. 'Yan bindigar hawa da ke zuwa min ana saura kwana uku sallah, ranku ya daɗe ku dinga kawowa tun watan Sha'aban in ta ƙaramar sallah ce, ta layya kuma da an sauko daga hawan ƙarama a kawo.